Shekarar da Na Ƙi Goge Shanun Buba

Na san abin da ake gaya muku a gari, don kunnena bai mutu ba, tumbina ne kawai ya yi gaba ya bar ni a baya. Ana cewa an rufe shafin ubanku ne saboda ya zagi Fulani. Wasu sun ƙara gishiri, wai Turawa ne da kansu suka yi taron kwana bakwai a ƙasarsu a kan maganata. Wannan ta biyun ina sonta, duk wanda ya faɗa kada ku ƙaryata shi. Amma ta farkon ba zan bar muku ita gado ba. Ku zauna ku ji yadda aka yi, daga bakin mai ita.

Kakana daga Barno ya zo Batsari da jakuna uku da kanwa, ya ga ƙasar ta yi masa, ya sauke kaya bai ƙara ɗauka ba. Shi ya sa har gobe ake ce mana Barebari, ko da yake in ka jefa ni cikin Barno yau ko ruwa ban iya roƙa da yarensu ba. Rumfar kanwa da gishirin dabbobi da kuke gani a kasuwa tasa ce, ta zama ta ubana, ta zama tawa. Kuma duk wanda ya sayar da kanwa, makiyayi ne abokin cinikinsa. Cikin makiyayan nan akwai Buba na Tsaskiya, can ƙasar Safana, wanda ubansa ya sayi kanwa wurin ubana. Mutum ne dogo siriri, in ya juya gefe sai ka nemi inda ya shiga. Kun san tsakanin Babarbare da Bafillace akwai wasa tun kafin a haifi kakan kakana: kowa na cewa ɗaya bawansa ne, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Shekara talatin ban taɓa gaida Buba gaisuwar mutunci ba, shi ma bai taɓa ba. In ya iso rumfa, tun daga nesa zai ɗaga sanda.

"Ina bawan nan mai tumbi? Fito ka durƙusa, ubangidanka ya iso!"

"Wa ya kwance Bahillacen nan? Ku riƙe shi kar iska ta tafi da shi, dukiyata ce!"

Da na sayi babbar waya, sai na buɗe shafi a babban dandalin nan na sada zumunta da kowa ke ciki. Niyyata tallar kanwa. To, kanwa ba ta da kyan hoto, duk inda ka juya ta dutse ce. Sai na koma ɗaukar shanun masu saye. Makiyayi ya tsaya gaban rumfa, in ɗauki saniyarsa ta gaba da ta gefe, in nuna tsagar kunnenta da shaidar wutar da ke cinyarta, in rubuta sunan mai ita da rugarsa, in ƙara da ɗan abin dariya a ƙasa. Wasa-wasa sai abin ya zama aiki. Lokacin ƙasarmu ta rikice, ana kore shanu dare da rana, kuma duk Bafillacen da aka gani da garke a hanya sai an tare shi an ce ya kawo shaida nasa ne. Wace shaida makiyayi yake da ita, shi da saniyarsa a daji ta haihu? Sai mutane suka gane cewa hoton da aka ɗora a shafina yana ɗauke da ranar da aka ɗora shi, kuma ba mai iya matsar da ranar nan, ko ni. In an tare mutum, sai a ce a duba shafin Bukar mai kanwa. Ga saniya tun tana maraƙa, ga kunne, ga suna. A sake shi. Mabiyana suka yi yawa har in na yi atishawa a Batsari sai a yi mini addu'a daga Legas. Ciniki ya buɗe, ina aika kanwa garuruwan da ban taɓa takawa ba. Na fara tafiya ina jin ƙasa na gode mini.

A ƙarƙashin shanun kowa ina rubuta abin dariya mai ladabi. A ƙarƙashin na Buba kuwa, sai in saki baki. Akwai jar saniyarsa mai karyayyen ƙaho, na rubuta: "Wannan ta bawana ce Buba na Tsaskiya. Bafillace da shanunsa duk mallakar Babarbare ne, ranar da na ga dama zan je in koro su gidana." A ƙarƙashin wata fara na ce in ya ƙara yi mini rashin kunya zan kai shi kasuwar kara in sayar da shi tare da ita, ita ce ma za ta fi tsada. Buba ba ya karatun boko, ni nake karanta masa, ya yi dariya har ya zauna a kan buhun gishiri, sannan ya sa in naɗi muryarsa yana ramawa. Mutanen Batsari da Safana ba wanda ya taɓa ɗaga gira. Sun san mu.

Amma shafi ba rumfa ba ne da za ka ga fuskar wanda ya tsaya. Wani bawan Allah a wani birni mai nisa, wanda ban sani ba kuma har yau ban riƙe shi a zuci ba, ya ga rubutun nan a lokacin da ake zubar da jini a kan maganar shanu. Ya ɗauka da gaske nake. Ya yaɗa, ya ce ga wani a Katsina yana kiran a kwashe shanun Fulani a mai da su bayi. Kafin la'asar mutanen da ba su taɓa jin warin kanwa ba sun yi ta kai ƙarata wurin masu dandalin. Da safe na buɗe waya, sai na ga shafina a kulle, da sanarwa da wata irin Hausa wadda ko akuya ta ji sai ta nemi tafinta. Abin da na tsinta a ciki shi ne: rubutuna tara sun saɓa dokar kalaman ƙiyayya. Ga su nan an jera, kowanne da hotonsa da ranarsa. In na danna "goge" cikin kwana uku, su tafi har abada, a buɗe mini shafi. In ban danna ba, a rufe shafin ga duniya kwata-kwata, ni kaɗai zan iya leƙa abin da ke ciki na wata ɗaya, daga nan shi ma ya bi ruwa. Duk taran nan shanun Buba ne.

Na yi dariya. Na ce da uwarku bari in ci abinci in goge, gobe in sake ɗaukar wasu hotunan. Hannuna na cikin kwano aka kira ni. Wani direban babur ne da na sani, ya ce an tare Buba da garkensa goma sha uku a wani ƙauye gaba da Yasore, wanda ba zan faɗi sunansa ba don muna gaisawa da mutanensa yanzu. Buba yana matso da su ne kusa da gari saboda dajinsu ya yi zafi. Wani mutumin ƙauyen, Malam Isiya, wanda aka kore masa shanu wata biyu da suka wuce, ya ga tsagar kunnen ta yi kama da tasa, ya rantse nasa ne. 'Yan sa-kai suka tsare shanun a wani shinge, suka tsare Buba a zauren dagaci. Buba ya ce a duba shafin Bukar. Aka duba, babu shafi. Dagaci ya yi tafiya, sai nan da kwana biyar zai dawo ya zauna a kan maganar. Ku lissafa da kanku: masu dandali sun ba ni kwana uku, dagaci ya ba Buba kwana biyar.

Za ku ce me ya hana in ɗauki hoton allon wayar in ajiye, in goge, in ci riba biyu. Na yi tunanin haka tun kafin in wanke hannu. Amma a shekarar nan ba mai karɓar hoton allo a matsayin shaida, don an sha ganin yara suna canza rana da suna a kansa kamar masu yin kitso. Sai an buɗe dandalin kansa a gaban mutane, an taɓa da yatsa, an ga ranar tana zaune inda take. Na rubuta wa masu dandalin bayani, da Hausa, da Turancin da na aro, har da tarihin kakana da jakunansa uku. Amsa ta dawo kafin in sauke yatsa, wai sun duba da kyau, hukuncinsu na nan. Wa ya duba? Ko aljani ne ba zai karanta tarihin kakana cikin ƙiftawar ido ba.

Kwana ukun nan gidanmu ya zama kotu. Alhaji Sale, shugaban 'yan rumfunan layinmu, wanda nake tallata masa dusa a shafin, ya zo har zaure ya ƙi zama.

"Bukar, kai fa ba yaro ba ne. Shafin nan ba naka ne kai kaɗai ba yanzu. Makiyayi nawa ne shaidarsu ke ciki? Za ka ƙona rumbu don ka ceci dami ɗaya?"

"Alhaji, sauran ba a tsare suke ba. Nasu zan sake ɗauka, ranar ta fara daga yau. Buba kuwa yau ake nemansa da ta jiya."

"To ka goge, ka je ka yi rantsuwa da bakinka."

"Bakin nawa? Alhaji, ni da na ce na taɓa ganin kifi ya haɗiye jirgi a dam? Wa zai sakar wa mutum shanu a kan rantsuwata?"

Bai yi dariya ba, ya fita yana cewa girman kai ne. Maganarsa ta farko kuwa tana da nauyi, kuma har yau in na tuna ta sai na gyara zama. Uwarku kuwa a rana ta biyu ta sa baki, tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba.

"Malam, in ka goge, ka yarda ke nan zagi ne?"

"Haka suka rubuta."

"To shekara talatin zaginsa kake yi, ni kuma ina dama masa fura?"

A rana ta uku na hau babur na tafi ƙauyen. Na sami Buba a zauren dagaci zaune a ƙasa, an karɓe sandarsa, kuma Bafillace ba sanda kamar ni ne ba tumbi. Ya rame, abin da ban san yana yiwuwa ba. 'Yan sa-kai biyu na bakin ƙofa. Na matsa kusa da shi. Na ce masa sannu, Malam Buba, ya ƙarfin hali. Ya ɗago ya dube ni kamar na mare shi.

"Kai ma ka yarda ɓarawo ne ni?"

"Subhanallahi! Me ya kawo wannan?"

"To tun yaushe na zama Malam?"

Nan na gane. Na juya ga masu gadi na ce, ku kula da shi da kyau, bawana ne, in ya ɓata ku za ku biya ni, ko da yake ba zai wuce kuɗin kaza ba. Ɗayansu ya kawar da kai yana danne dariya. Buba ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Ban gaya masa maganar kwana uku ba. Na fito, na zauna a gindin wata bishiyar bedi inda sabis ke kamawa, na buɗe wayar na dubi wurin dannawar nan. Kyakkyawa ne, shuɗi, an yi shi daidai faɗin babban yatsa. Na ce da shi, kai da wanda ya aiko ka, ku ci kanku. Na mai da waya aljihu, na sayi rake na sha har wa'adin ya wuce.

Ranar zama, ƙofar gidan dagaci ta cika. Malam Isiya ya yi magana da farko, kuma wallahi ya ba ni tausayi, don mutum ne da aka raba da abin da ya tara tun yana saurayi, idonsa na ganin shanunsa a jikin kowace saniya. Da aka zo kaina, na miƙe na gyara riga na ce, ranka ya daɗe, ni ban zo da shaidata ba, na zo da takardar tuhumar da aka yi mini a ƙasar waje. Na buɗe dandalin a gabansu. Shugaban 'yan sa-kai, mai karatu ne, ya karɓi wayar ya taɓa da kansa, ya ga ranakun: wannan shekara huɗu, wannan uku, tun kafin a taɓa shanun Malam Isiya. Dagaci ya ce ya karanta abin da ke ƙasan hoton da ƙarfi. Mutumin nan, da bindigarsa a kafaɗa da layu har wuya, ya buɗe murya ya karanta cewa zan sayar da Buba tare da farar saniya, ita ce ma za ta fi tsada. Wani tsoho a gefe ya fara ƙyaƙyatawa, sai wuri ya ɗauka. Dagaci ya rufe baki da rawani.

"Wannan ne laifin da aka rufe ka a kansa?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"Ashe da mu ma duk an rufe mu. Kai Babarbare ne?"

"Jikan mai jakuna uku."

Aka tafi shingen da wayar, ana duba hoto ana duba saniya. Ga ja mai karyayyen ƙaho, ga fara, ga mai ɗigo a wuya, har tara. Maruƙa uku aka sake su, kowanne ya ruga wurin uwarsa, ba a nemi wata shaida ba. Malam Isiya ya matsa ya duba tsagar kunnen da kyau da hannunsa, ya ga tasa a dama take, wannan a hagu, ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Saura ɗaya, wani baƙin bijimi da Buba ya saya a damina. Ba hotonsa. Ranar da ya kawo shi rumfa in ɗauka, ina cikin ba wasu labarin kifin dam, na ce masa ya dawo wani mako. Dagaci ya ce a riƙe bijimin sai wanda ya sayar da shi ya zo ya yi shaida. Kafin a samo mutumin, bijimin ya ci leda a shingen ya kumbura ya mutu. Buba bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko cikin wasa, kuma wannan shirun ya fi mini duk zagin da ya taɓa yi mini ciwo.

Bayan wata ɗaya shafin ya tafi da duk abin da ke cikinsa. Masu sayen kanwa na nesa suka ɓace kamar an share su da tsintsiya. Alhaji Sale ya yi wata shida yana amsa gaisuwata da hanci. Ku manyan kun tuna shekarar da miya ta yi ta zuwa ba nama, ina ce muku likita ne ya hana ni. Wasu suka ce in buɗe sabon shafi da wani suna, in riƙa tauna magana kafin in rubuta. Na ce Allah ya kiyaye. In koma gidan da aka kore ni, in shiga ta taga, in riƙa magana ƙasa-ƙasa don kar maigidan da ban taɓa ganin fuskarsa ba ya ji? Kayan aro ba ya rufe katara, na gani da idona.

Malam Lawal, wanda ya yi shekara ashirin yana buga takardu a kwamfutar sakatariya kafin ya yi ritaya, shi ya ce mini ai mutum na iya yanka filinsa a intanet, ya sa masa suna, ya yi gininsa. Muka yi mako uku a shagonsa, shi yana dannawa ni ina ba da umarnin da ba ya bi. Ya nemo hanyar da wata ma'ajiya ta daban za ta riƙa ajiye kowane hoto da ranarsa, yadda ko ni ba zan iya taɓawa ba, ya kuma sa na buga kowanne a takarda dagacin mai saniyar ya sa hannu. Gidan nawa ba kyau, na yarda. Ba mai shigowa sai wanda ya nufo shi. Ranar farko mutum huɗu suka leƙa, uku daga ciki ni ne. Amma a can ni ne sarkin kasuwa, ni ne alƙali, ni ne mai shara. Kuma kada ku ɗauka komai nake bari. Wani ya taɓa aiko rubutu yana kiran mutanen wata ruga ɓarayi, ba wasa a ciki, na san shi, na san ba abokin wasansu ba ne. Ban ɗora ba. Na hau babur na same shi a gonarsa na gaya masa dalili, muka yi musu har rana ta karkata. Haka ake hana mutum magana: ka je da ƙafarka, ya ga idonka, ya samu bakin ramawa.

Wanda ya fara kawo shanu a ɗauka a sabon wurin Buba ne, goma sha biyu, ranar kasuwa. Na ɗauki jar mai karyayyen ƙaho ta gaba da ta gefe. Mutuwar bijimin na zaune mini a wuya, ga kuma abin da bakina ya jawo, sai na rubuta a ƙasa: "Saniyar Buba na Tsaskiya, tsaga a kunnen hagu." Ya ce in karanta masa. Na karanta.

"Sai me?"

"Shi ke nan."

"Nan ma akwai Baturen da zai rufe ka?"

"Babu. Nan gidana ne."

"To a gidanka ma tsoro kake ji? Kai, Barebari dai ba su iya 'yanci ba. Rubuta abin da ka saba, ko in kora shanuna in kai wa mai zuciya."

Na goge na sake rubutawa, yana tsaye a kaina da sanda yana gyara mini, wai farashin da na sa masa ya yi kaɗan, a ƙara ko don darajar rawaninsa. Muka daidaita a kan kaza biyu da zakara. Yana nan a shafin farko har yau, kuma duk cikinku wanda ya gaji wurin nan bayan raina, in ya taɓa mini layin nan ban yafe ba.